Jakar Kyamararki Tana Kan Kujera

Auta,

Na fita raka kawunki tasha, ba zan dawo kafin ki tafi aiki ba.

Jiya da kina wajen tela na ɗauki kyamararki da gilasanta biyu na je shagon jakunkuna. Ki yi haƙuri, ban tambaye ki ba. Uku na gwada. Ta fatar ta fi kyau, amma ko ba komai a ciki nauyi gare ta. Jar kuma zif ɗinta na cijewa, kafin ki buɗe, abin da za ki ɗauka hoto ya wuce. Mai shagon ya ce, "Baba, ai ita 'yan mata ke so." Na ce masa aiki za a yi da ita.

Na zaɓi mai ruwan tokar. Maratayinta na da faɗi, cikinta da soso, kowane gilashi da gurbinsa. Ba ta yi kama da jakar kyamara ba, ba wanda zai sa miki ido a hanya.

Ki riƙa rataya ta a gicciye, kina sauya kafaɗa. Shekara talatin na yi ina rataya tawa a dama, kin dai ga yadda kafaɗar ta koma.

Abin da na faɗa ranar da gidan jaridar ya ɗauke ki aiki, cewa ba za ki iya ba, ki manta da shi. Babban gilashina yana gurbin tsakiya, naki ne yanzu. Yana da taurin juyawa, ki bi shi a hankali.

Babanki