Na Riga Su Hawa Tudu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka na gareji. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage tsayuwa cikin rana.

Bayan haka, ina da tambaya a fanninka. Ka san duk Asabar ni da baffanka Ladan muna hawa masallacin ma'aikatan kamfanin siminti, can bisa tudu, muna karantar da su hukunce-hukuncen tsarki da salla. Tun kafin ka iya riƙe sifana kujerar gaban motata tasa ce. A hanya muke bitar darasi, motar tana tafiyarta ta dattawa.

To, bana wani bawan Allah ya shigo cikinmu, ana ce masa Mai Fenti, ya bar wa 'ya'yansa shago ya dawo neman ilimi da furfura. Motarsa sa'ar tawa ce, amma ya ce an rarake ramukan injinta an faɗaɗa su, an sa mata manyan fistin. Ranar da tayata ta yi faci ya ɗauki Ladan, kuma tun daga ranar Ladan bai dawo kujerarsa ba. Yanzu a tsakiyar tudu suke wuce ni, ina bayan tirela ina shan hayaƙi a giya ta ɗaya, Mai Fenti ya danna mini oda. Wai gaisuwa ce.

Shin ana iya yi wa tawa irin wannan aiki? Na so in rubuta maka cewa ba don gasa nake tambaya ba, sai na tuna alƙalami ma abin tambaya ne gobe kiyama, na fasa.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.

Zuwa ga ɗana,

Bayan sallama da fatan alheri, ina tambayar lafiyar jikokina, musamman ƙaramar da aka ce tana haƙori. Mota ta iso lafiya daga garejinka, Allah Ya saka maka da mafificin alheri. Muryarta ta yi kauri, har maƙwabcinmu tela ya leƙo yana tambaya ko baƙo muka yi.

Na karanta gargaɗinka. Ka ce ƙarfen da aka rarake ba ya komawa, na yarda. Ka ce za ta ƙara shan mai, na ɗauka. Abin da ba ka faɗa mini ba sai da aikin ya kammala shi ne sharaɗin lallaɓawa: kada in taka totur, kada in matsa mata a hawa, sai sababbin ringi sun zauna an juye baƙin mai. Ɗana, yanzu nawar motar ta fi ta da! Asabar ɗin da ta wuce har mai keke ya yi kafaɗa da ni. Da na isa, Mai Fenti ya taso da gudu ya karɓi jakata, yana cewa, “Allah gafarta Malam, mun yi zaton ba ku da lafiya ne.” Ladabin mutumin nan ya fi odarsa ci mini rai, domin na rasa inda zan kama shi da laifi.

Don in cika nisan tafiyar da ka gindaya kafin ringin su zauna, kullum bayan la'asar ina fita zagaye. Na kai mahaifiyarka gidajen 'yan'uwan da ta manta hanyarsu. Jiya ta dube ni ta ce, “Malam, wannan zumunci naka na ƙwarai ne, ko ƙafar mota ake miƙewa da ni?”

Na zauna na binciki zuciyata kamar yadda nake umartar ɗalibai. Malamai sun raba tsakanin mai burin samun irin ni'imar ɗan'uwansa da mai burin ni'imar ta gushe. Na daɗe ina sanya kaina a sahun farko. Sai ga shi ranar nan na hango hayaƙi yana tashi daidai inda Mai Fenti yake ajiye mota, na ji wani sanyi ya ratsa ƙirjina kafin in ankara. Ashe shara ake ƙonawa. Na yi istigfari, amma sanyin ya riga istigfarin zuwa.

Ka sa ni cikin addu'arka.

Mahaifinka.

Zuwa ga ɗana,

Aminci ya tabbata a gare ka da duk wanda ke ƙarƙashin kulawarka. Muna lafiya, alhamdu lillahi.

An juye baƙin mai, kuma aikinka ya yi kyau. Ina so ka san wannan kafin sauran bayani. Ranar Asabar na bar su suka yi gaba da gangan. A gindin tudu na cim musu, na duba hanya babu kowa, na yi bisimilla na taka. Motar nan ta ɗauke ni kamar ba ta san da tudu ba, a giya ta uku, ko tari ba ta yi ba. Da na zo daidai da su na waiga, domin wannan waigen na yi watanni ina tanadi.

Ba wanda ya dube ni. Ladan ya juya gaba ɗaya wajen Mai Fenti, hannunsa a sama yana bayani, fuskarsa cike da fara'ar da na manta yana da ita. Mai Fenti yana gyaɗa kai, yana tuƙi a hankali ƙwarai. Sai a lokacin na lura ba gudu suke yi ba. Na riga su isa, na kashe mota a filin masallaci, na zauna ni kaɗai ina sauraron injin yana hucewa.

Bayan darasi na ja Ladan gefe, na ce masa mota ta gyaru, kujerarsa tana nan. Ya ce, “Malam, ni fa ban san wadda ta fi wata gudu ba. Kai tun muna yara ban taɓa kai ƙarshen magana ba tare da ka gyara mini ba, kuma daidai kake gyarawa. Shi kuwa wannan tambayata yake yi, ya kuma jira in gama.”

Na haɗiye gyaran da ya taso mini. Na ce duk da haka ina roƙonsa ya dawo, na ƙara da cewa yanzu motar ko buhunan siminti aka ɗora mata za ta hau da su. Nan na yi wa kaina. Fuskarsa ta washe, ya ɗaga murya ya kira Mai Fenti, ya ce, “Alhaji, ka huta da sayen mai! Malam ya ce tasa za ta ɗauke mu duka.” Mai Fenti ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce su biyun za su zauna a baya, don kada surutunsu ya dame ni.

Haka aka tsayar. Asabar mai zuwa zan biya in ɗauki Ladan, in biya in ɗauki Mai Fenti. Ladan ya dawo motata, ɗana, ni ne direba. Ka roƙa mini Allah Ya ba ni ikon riƙe sitiyari da harshena a lokaci guda, domin zan ji kowace kalma, kuma na san Ladan zai yi kuskure kafin mu fita unguwa.

Ka gaida iyalinka da kyau. Allah Ya tsare ka, Ya sa albarka a hannunka.

Mahaifinka mai ƙaunarka.