Cukun da Na Kai wa Anissa

McLeansville, watan Yuli

Zuwa ga Yayata Oumou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina a Damagaram? Mu nan lafiya lau, sai zafi mai danshi, mutum ya fito daga wanka yana gumi.

Kin tambaye ni aikin da na samu, a waya kuma dariya ta hana ki saurare, shi ya sa na zauna na rubuta. Cuku muke yi, Yaya, amma ba nono a cikinsa ko ɗigo. Ƙwallon kashu ake jiƙawa ya kwana, a markaɗa ya yi laushi kamar ƙullun ƙosai, a sa masa abin tsami, a zuba a ƙananan mazubai. In ya kama jikinsa sai a jera a ɗakin sanyi, ni ce mai juya su kowace safiya. Bayan makonni wani farin gashi ya rufe su kamar auduga. A gida da mun ce ya lalace mun zubar, nan kuwa shi ake nema. Masu sayensa ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba, ko da zuma ce.

Shagon ƙarami ne, a cikin Greensboro. Daga ni sai mai shi, wani Bature, Eric. Mutumin kirki ne. Ya share mini lungu bayan buhunan kashu don sallah, kuma in lokaci ya yi shi ke tuna mini.

Cikin Anissa ya shiga wata na bakwai. Kin san shekarun da ita da Yaya Tahirou suka yi suna jira. In ya taso daga aiki ko takalmi ba ya cirewa, sai ya wuce ɗakin jaririn yana fenti. Ita kuwa ba abin da ke zama a cikinta, ko warin madara ba ta so, amma kullum zancenta cukun gida da shayi. Likita ya hana ta cuku mai laushi, sai muka ce ai na nono yake nufi, namu ba nono.

Makon jiya hadari ya ɗauke kuran, wato wutar lantarki, firigon ɗakin sanyi ya tsaya tun Asabar. Da muka zo Litinin ruwa muka tarar kwance a ƙasa. Eric ya sunsuna, ya ɗanɗana, ya ce lafiyarsu lau, sai dai na jerin ƙasa sun yi tabo, ba su da kyan gani. Ya kai wasu wani gidan abinci, ya ba ni biyu. Anissa ta cinye su da burodi, ta ce tun da ta sami cikin nan ba ta ci abin da ya yi mata daɗi haka ba. A ɓoye muka yi, don Yaya Tahirou ya ce kada in shigo masa gida da abin da ya yi funfuna.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Kouloussoum


McLeansville, watan Agusta

Yaya Oumou,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Wannan ki karanta ke kaɗai. Hoton wasiƙar na ɗauka na turo miki, don in na yi saƙon murya Inna za ta ji.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jaririn Anissa bai zo da rai ba.

Zazzaɓi ta fara da ciwon baya, muka ɗauka mura ce. Sai ta ce ba ta jin motsinsa. Ko da aka kai ta asibiti ya riga ya rasu a ciki. Namiji ne. Yaya Tahirou ya sa masa sunan Baba, Mourtala, ya ɗauke shi a hannu har maƙabarta, ya ƙi ba kowa. 'Yan Nijar da 'yan Ghana sun zo da yawa, Allah ya saka musu. Anissa tana asibiti har yanzu, ana ƙara mata magani ta jijiya.

Likita ya ce wata ƙwayar cuta suka gani a jininta, listeriya, kuma daga abinci take zuwa. Wata mata daga hukumar lafiya ta zo tana tambayar Anissa abin da ta ci a makonnin baya. Ina ɗakin, Yaya Tahirou ma yana nan. Anissa ta ce ta sayi cuku a wani babban kanti, ta manta wanne. Ko kallona ba ta yi ba. Matar ta ajiye katinta ta tafi.

Da Yaya Tahirou ya fita sallah, Anissa ta kama hannuna ta ce, "Kulu, ki rufe bakinki. Ya rasa ɗansa, ba zan sa ya rasa ƙanwarsa ba."

Washegari na je aiki kamar kullum, ina juya cuku. Wata mai ciki ta shigo saye, na ce mata ya ƙare, ga su kuwa jere a bayana. Da ta fita na gaya wa Eric komai. Ya zauna a kan bokiti. Daga baya ya kwashe na kan kanta ya zuba a shara, ya ce in yi haƙuri in jira ya ga lauya tukuna, shagon nan shi ne duk abin da ya mallaka. Na tambaye shi waɗanda ya kai gidan abincin fa. Sai ya juya ya shige ɗakin sanyi.

Yaya, ban san abin da zan yi ba. In na yi magana, na rufe shagon mutumin da ya riƙe ni da mutunci, na ƙaryata Anissa tana kwance, kuma Yaya Tahirou zai san hannun da ya miƙa mata. In na yi shiru, ban san wa ke cin sauran yanzu ba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Kouloussoum


Greensboro, ƙarshen Agusta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Na ga amsarki, na gode, amma ban iya jiranta ba, ta same ni na riga na yi magana.

Akwai wani tsoho, Malachy, da ke zuwa shagon kowace Asabar da sandarsa. 'Yarsa ta bugo waya ta ce kada a ajiye masa na wannan makon, yana asibiti da zazzaɓi mai zafi. Ina ajiye wayar na fita waje na kira lambar da ke jikin katin matar hukumar lafiya. Na faɗi zancen kuran, da ruwan ƙasa, da gidan abincin, da biyun da na kai gida. Ma'aikatansu suka zo da fararen riguna suka gogo ƙasa da magudanar ruwa don gwaji, suka kwaso na gidan abincin. Ƙwayar cutar tana nan. An rufe shagon. Eric ya miƙo mini sallayata a leda, idonsa jajur. Malachy ya rasu ranar Laraba.

Ban so Yaya Tahirou ya ji a bakin hukuma ba. Na same shi a bayan gida da la'asar, na durƙusa na gaya masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na hana ki kawo abin nan gidana ko ban hana ba?" Na ce ka hana, Yaya. Ya ce, "To tattara kayanki." Yanzu ina wurin Anti Azaratu, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallaci. Ta ba ni ɗakin 'yarta, ba ta tambaye ni komai ba.

An sallami Anissa. Jiya da hantsi ta kira ni, da ƙyar nake jin muryarta. Ta ce ruwan nono ya ƙi tsayawa, ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri, rigarta duk ta jiƙe, kuma ba macen da za ta iya buɗe wa jikinta sai ni. Anti Azaratu ta kai ni a mota. Yaya Tahirou yana zaune cikin tasa motar a ƙofar gida, gilashi a rufe. Ƙofar falo kuwa a buɗe na same ta.

Na sa mata ganyen kabeji mai sanyi yadda nas ta ce, na ɗauko zane na naɗe mata ƙirji. Tana cije leɓe, ta ce, "Na ce ki yi shiru, Kulu." Na ce na ji, amma tsohon nan ya mutu. Sai ta ce, "Ƙara ɗaurewa." Na ƙara. Na wanke rigunan, na dama mata kunu, ta sha kaɗan.

Da na fito Yaya Tahirou yana nan a motar, ya kifa kansa a kan sitiyari. Na tsaya na gaishe shi. Bai sauke gilashin ba. Tun kafin in fito Anissa ta ce in dawo gobe da hantsi, shi da kansa ne ya ce mata a lokacin zai fita.

Ki gaya wa Inna jaririn bai zo da rai ba, ki zauna kusa da ita in za ki faɗa. Sauran kada ki taɓa, ni zan gaya mata da bakina.

Allah ya ba mu haƙuri. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Kouloussoum