Sunan da Ya Hana Zayyad Zuwa

Kaduna, Asabar, 14 ga Oktoba, 2017

Zuwa ga ƙanwata Ummukulsum,

Bayan gaisuwa mai yawa. Yau kumburin ƙafata ya ɗan sauka, har na taka zuwa bakin famfo ba sanda. Yaya yara da mutanen Zugu? An fara yankan gero?

Ɗanki Zayyad ya yi alkawarin zuwa daga Abuja yau ya maido ni gida, tunda likita ya sallame ni. Da hantsi ya bugo waya. Wai wani mugu ya shiga shafin kamfaninsu na intanet, a gurbin suna ya rubuta umarnin kwamfuta. Na'ura ta adana shi tamkar suna, ya kwanta wata biyu. Ran da shugaban sashensu ya buɗe shafin da yake kula da komai, sai abin ya farka ya sace mabuɗinsa na shiga shafin. Yanzu suna bin dubban sunaye ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wani irinsa.

Na ce masa, "Shekara talatin ina rajistar haihuwa a Bukkuyum, ban taɓa sa suna a littafi ban karanta shi da baki ba."

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, da kai muka ɗauka aiki! Ina gamawa zan taho."

Kada ki damu, a masaukina ana ba ni abinci. Abokin hira ne dai babu. Ki ajiye mini sabon gero na fura. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Halilu

Ƙari: An kira magariba, Zayyad bai zo ba. Na cire babbar rigar da na sa don tafiya, amma jakata na bar ta ɗaure a bakin ƙofa.