Maganin Ƙarfen Kalla da Lurwanu

Lahadi, 12 ga Nuwamba 1978
Kalla ɗan Takawa ya rasu yau bayan la'asar, a ƙoramar gabas da gari. Takobin Lurwanu ya same shi tsakanin wuya da kafaɗa. Naman layya na rataye a kowane gida, ba wanda ya iya ci.

Litinin, 13 ga Nuwamba
Jandarmomin garin Buza sun zo da hantsi, sunka duba gawa, sunka tahi da Lurwanu. Bai gudu ba, a ƙofar uwarsa Cima sunka iske shi zaune. Ni na wanke Kalla, ni na yi mashi salla. Layar da na rubuta mashi tana nan ɗaure a damtsensa. Na kwance ta na sa aljihu, ba wanda ya gani.

Kuma a kan mi? A kan magana. Ran kasuwar Deule Kalla ya ce takobin da Lurwanu ke taƙama da shi na Buzun da ya mallaki kakansa ne, kakan bawa ne, ɗauko mashi shi kawai yake yi. Lurwanu ya ce to a gwada a ga mai shi. Sunka sa rana, sunka sa wuri, kowa ya zo da shaidu biyu, wanda takobinsa ya fara faɗuwa ƙasa shi anka kayar. Irin ta mutanen da. Magidanta biyu masu gemu.

Laraba, 15 ga Nuwamba
Dattawa sun cika mani zaure. Wai ni ne malamin gari, in raba gardama: kisan kai ne ko ba kisan kai ba? Almu maƙeri ya ce faɗan maza ne, yarda da yarda, tun kakanni ba a bin jinin wanda ya kai kansa. Takawa ya ce ɗa dai nashi ne, kuma yana cikin rami. Na ce Musulmi biyu in sunka zare wa juna ƙarfe ba mai tsarki cikinsu, sauran sai na duba littafi.

Ba littafin da zan duba. Ciwon gwiwa ya hana ni sukuni.

Juma'a, 17 ga Nuwamba
Bari in rubuta, ko ƙirjina ya yi sauƙi.

Kwana uku kahin abin, Kalla ya zo neman maganin ƙarfe. Na wanke mashi rubutu ya sha, na ɗaura mashi laya. Wanshekare sai ga Lurwanu, buƙata guda. Shi ma na ba shi. Sai wayon tsufa ya zo mani, na ce: "Lurwanu, irin wanda na ba ka na ba Kalla. Ƙarfe ba ya cin ɗayanku. Ku je ku gaji ku dawo, ko ku bar shi tun yanzu." Ni a tunanina in ya ji faɗan banza ne zai fasa. Ya yi dariya, ya ce: "Ashe ba komi, Baba Malam." Na sa ya dafa Alƙur'ani ba zai gaya wa kowa ba, don haka sharaɗin maganin yake.

Ya je ya saki hannu iyakar ƙarfinsa, kamar mai saran icce, don malaminsa ya ce ba ya shiga.

Talata, 21 ga Nuwamba
Cima ta dawo daga Madawa, can anka maida Lurwanu gidan kaso. Ta ce mai fassara ya gaya mata yardar da dattawa ke fariya da ita, ita za ta ci shi. Wurin gwamnati wanda ya sa rana ya wasa takobi ya shirya kisa ke nan, kuma hukuncin wannan ko dai rai ko zaman kaso har abada. An tambaye shi sau uku ko yana da abin faɗi, ya ce babu.

"Malam, kai ka koya mashi karatu," in ji ta. "Yaron nan ɗan kisa ne?"

Na ce a yi ta addu'a. Tir da wannan baki nawa.

Asabar, 25 ga Nuwamba
Samari uku masu tahiya cin rani sun zo neman magani. Na ba su. Mi zan ce?

Alhamis, 30 ga Nuwamba
In na yi magana, Takawa zai san hannun da ya ɗaura wa ɗansa laya. Gari zai san abin da ubana ya bar mani, abin da nake ci da shi shekara talatin, bai tare ko kaifi guda ba. Wa zai sake kawo mani ɗansa karatu? Wa zai bi ni salla?

In na yi shiru, Lurwanu ba zai karya rantsuwa ba. Na san shi, taurin kai tun yana riƙe allo.

Na gaji ƙwarai. Biba ta ce ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Shekara arba'in da aure, ba ta taɓa rasa abin faɗi ba.

Litinin, 4 ga Disamba
Na kai tasha da niyyar zuwa Madawa, na dawo. Gwiwa.

Alhamis, 7 ga Disamba
Na hau motar albasa zuwa Madawa. Alƙalin bincike yaro ne, bai kai ɗana Isufu ba, ga tabarau. Na ajiye layar Kalla bisa teburinsa, na faɗi komi. Ya sa anka kawo Lurwanu. Ya rame, wuyan nan duk ya fito. Na ce: "Na sauke maka rantsuwar, laihinta a kaina. Faɗi." Ya yi kukansa ya gama, sannan ya faɗa.

Can alƙali ya tambaye ni ko ni ma na sha maganin. Na ce tun ina ɗan shekara goma. Ya jawo wata 'yar wuƙa ta buɗe takarda, ya ce: "To Malam, miƙo hannu."

Ina kallon hannun nan nawa bisa cinya. Bai tashi ba. Lurwanu na kallona, mai fassara na kallona, ban miƙa ba.

Alƙali ya maida wuƙar, ya ce a rubuta. Ya ce in sake ba wani wannan magani, kusa da Lurwanu zai shimfiɗa mani tabarma.

Juma'a, 15 ga Disamba
Labari ya riga ni gida. Yau Dauda ya ba da salla a madadina, ni ina sahu na uku. Ba wanda ya ce mani komi, da sun zage ni da ya fi.

Husaina, matar marigayi, ta tare ni bakin rijiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ranar nan ta riƙe mashi riga, ya ɓamɓare hannunta yana dariya, ya ce Malam Alƙasim ya gama komi. "Da ba ka ba shi ba, da tsoro ya tsare mani shi," in ji ta. Ta ɗauki tulunta.

Alhamis, 17 ga Mayu 1979
An yanke hukunci a kotun Tawa. Sun ce sara ne da ya kai ga mutuwa ba da niyyar kisa ba. Shekara huɗu. Cima ta aiko da fura. Takawa ya daina bi ta ƙofata, yana zagayawa ta bayan rumbuna.

Almu har yanzu shina cewa faɗan maza. Ya tambaye ni mi littafin ya ce, na ce ido ya yi rauni.

Laraba, 23 ga Mayu
Zahi kamar a bakin maƙera, ko alamar hadari babu.

Lurwanu ya aiko daga kaso makon jiya, yana tambaya ko azumin wata biyu a jere, na wanda rai ya salwanta a hannunsa bisa kuskure, ya hau kansa. Na aika mashi ya hau, ya fara ran Litinin.

Da azahar Biba ta kawo fura, na ce ta ajiye.

"Litinin na gane," in ji ta. "Jiya na yi shiru. Yau Laraba fa? Azumin mi cikin bazarar ga, da shekarunka?"

Na ce ciki ne ba ya son abincin rana. Ta daɗe tsaye da ƙwaryar a hannu. Ta rufe ta da faifai, ta fita.

Saura kwana hamsin da bakwai.