Akwatin Gem Ɗin Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Jini ya zuba a shagon gem ɗinmu. Ka tuna mahaucin nan da ake kira Gatari? Shekara da shekaru ba wanda ya kayar da shi a tsohon akwatin gem ɗin dambe mai cin kwandala da Baba ya bari. Jiya wani bakanike ya lallasa shi a gaban jama'a. Na ce wa Gatari ya tashi ya koma bayan layi, kafin in rufe baki ya ɗauki benci ya rafka wa bakaniken a fuska. Haƙora biyu na tsinta a ƙarƙashin kanta. Ya rantse zai dawo da guduma ya farfasa akwatin. Sababbin gem suna nan a bango ba mai kallonsu, a kan wannan tsohon kowa ke hauka. Tsoro nake ji wallahi.

Ƙanwarka.

Auta,

Na amsa gaisuwarki, amma raina a ɓace yake. Wa ya ce miki wanda aka kayar bayan layi yake komawa? Baba bai taɓa barin wanda aka ci ya miƙe ba, nan take yake jefa masa kwandala ya rama. Sababbin gem lallashin mutum suke, in ka faɗi su ɗaga ka. Wannan kuwa sandar juyawa ɗaya ce da maɓallai uku, ba sa'a ba maguɗi, kowane naushi da makarinsa. In an doke ka, ka san hannunka ne ya yi kuskure, ka kuma san inda za ka gyara. Abin da ke dawo da mutane ke nan har furfura. Ke kuma kin nuna wa ƙato kuskurensa, kin hana shi gyarawa, ina zai kai zafin? Tun kina tsayawa a kan bulo ki kai ga sandar kike buga abin nan, amma kanki kamar na jaki. Ki sayar da shi kafin a kashe ki.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Gatari ya zo ana tsakar wasa, ya ɓalle ƙofa, kowa ya watse. Na tsaya a gaban akwatin na shimfiɗa hannu a kan gilashin, shi kuma bai fasa sauke gudumar ba. Na ji ƙarar ƙashina kafin in ji zafin. Ya sake ɗaga gudumar, jini na bin maɓallan, sai maganarka ta faɗo mini. Na laluba aljihu da hagu, na jefa kwandala, na ce, "Zauna ka rama."

Kiɗan farawa ya tashi. Ya tsaya yana huci kamar sa, idonsa a kan allon. Sai ya ajiye gudumar, ya goge jinina da gefen rigarsa, ya kama sandar. A haka 'yan sanda suka same shi. Suna murɗe masa hannu yana roƙonsu, "Ku bari in ƙarasa zagayen nan, na gano inda na yi kuskure!" Na tsane shi, Yaya, amma na gane abin da yake nufi. Gobe za a shiga da ni tiyata.

Auta.

Auta,

Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kuka na yi, ba na ɓoye miki. Ina tafe da wanda zai sayi akwatin, kuma kada ki yi mini gardama.

Yayanki.

Yaya,

Sannu da hanya tun kafin ka taso. Ka zo kai kaɗai. Likita ya cire yatsu biyu, uku suka rage, maɓallan ma uku ne. Ka taho da kwandalarka, rabon da in lallasa ka an daɗe.

Ƙanwarka mai kan jaki.