Na Sa Hannu a Takardar Jinsiyya

Baba,

Sallama da gaisuwa, da fatan rahamar Allah tana tare da kai. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana da rai ma ai ni zan karanta maka, kana cewa in bi a hankali.

Gida lafiya. Inna ta warke daga zazzaɓin damina, har ta koma faɗanta. Audugar hawasharka, gonar nan taka ta ban ruwa, ta yi kyau bana. Kawu Sale ne ke kula da ita, sai dai har yau bai iya ban ruwa ba, sakinsa yake kamar mai wanke tabarma.

Maganar aiki ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wani babban kamfanin waje da ke Hartum, masu injin nan kwamfuta, suna neman waɗanda za su riƙa tsara wa injin umarni a kan katuna masu huji. Mu da yawa muka zauna jarrabawa, aka kira kaɗan su zo a gana da su, har da ni. In na samu, Hajara da sauran ƙannena ba za su bar makaranta ba.

Tun daga ƙofa na yi abin kunya. Na ga shimfiɗa a ofishin, sai na tuɓe takalma na rusuna na gaishe su, kamar na shiga zauren malam. Su biyu ne, wani Bature da injiniya ɗan Omdurman. Injiniyan ya danne dariya ya nuna mini kujera. Haka na yi ganawar duka da safa, ɗaya ma a huje.

Suka ce in nuna yadda zan umarci inji ya raba abu kaɗan ga mabuƙata da yawa, bi da bi, ba a tsallake kowa ba. Wallahi kaina ya ɗaure. Can na tuna yadda kake ban ruwa: ka fara daga kunyar ƙarshe, ka duba ko ta sha, in ta sha ka toshe ka matsa, in ba ta sha ba ka jira. Shi na zana musu a allo, mataki-mataki. Baturen ya tambayi littafin da na gani a ciki. Na ce a gonar mahaifina na koya.

Sun ɗauke ni, Baba. Amma da sharaɗin in kawo takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, cikin mako biyu, don ba sa ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba.

Ka san yadda kuka yi da umda, mai garinmu, a kan takardar nan. Sau nawa ya aiko, kana cewa mu matafiya ne, a goye aka taho da kai daga Sakkwato, Makka muka nufa, zango kawai muka yada? Zangon da ka yi furfura a cikinsa! Ko ɗaki ka ƙi ginawa da jan bulo, wai mai tafiya ba ya gini. Na daɗe ina jin haushinka a kan wannan, ban taɓa iya faɗa maka ba.

Na je garin Sinnar tare da Kawu Sale da Malam Audu maƙwabcinmu, suka shaida cewa a nan aka haife ka, kai da mahaifinka. Kawu ko ƙifta ido bai yi ba. Ni ma na sa hannu.

Ran Asabar zan fara aiki. Inna ba ta yi faɗa ba, ta ce dai in na samu hali in yi maka aikin hajji. Zan yi in Allah ya yarda, kuma nan zan dawo.

Na katse maka tafiya ne, Baba? Da kana nan, za ka hana ni?

Ka yafe mini. Na rubuta cewa a nan aka haife ka, kuma ƙarya ce. Amma a nan muka binne ka, gabas da babbar hanyar ruwa, ni kuwa ba zan iya ci gaba da zama baƙo a ƙasar da kake kwance ba.

Allah ya haskaka kabarinka. Na bar ka lafiya.

Ɗanka,
Isiyaku