Na Goge Saƙon da Aka Kira Aminina Aiki

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Na san akwai masu shirin zagina, to su daure su karanta har ƙarshe tukuna, don abin da nake faɗa wa kaina kullum ya fi duk wanda za su rubuta zafi.

Ni ɗan Wudil ne, ina da digiri, kuma shekara biyar ke nan ina bin ƙungiyoyin agaji neman aiki. Shekara biyar! Babu kwas ɗin intanet da ban yi ba, takardun shaida sun cika jaka. Duk inda aka ce ana neman masu aikin sa-kai ina sahun gaba, in sa rigarsu, in sha rana, a ɗauki hotona a liƙa a rahoto, a sallame ni da "Allah ya saka da alheri". Da aikin albashi ya fito kuwa sai ka ji wai mai gogewa ake so. Wace gogewa kuma? Ranar da na sha ba gogewa ba ce?

Ina da amini mutumin Kausani, bari in kira shi Garba. A sakandare ya tsaya, noma yake yi da acaɓa. Daminar da kogi ya cika ya ci gidaje a ƙauyukan bakin ruwa, ni na ja shi muka yi wa wata ƙungiya aikin sa-kai. Ni ke rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, shi kuma yana tuƙa kwalekwale, ya goyo tsofaffi, ya yi wa Fulani bayani da yarensu. Bayan an natsa sai ƙungiyar ta ce tana neman mutum ɗaya da zai riƙa shiga tsakaninta da mutanen ƙauye. Garba ba shi da imel, wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila. A wajenmu haka ake yi, mai babbar waya shi ke cike wa kowa fom, ya sa imel ɗinsa da lambarsa. Ni na cike masa, ni na tsara masa tarihin aikinsa da Turancina, na tura nawa na tura nasa.

Bayan sati uku saƙo biyu suka shigo a jere. Nawa na ban haƙuri ne. Na Garba kuwa, an ce ya zo ganawa ranar Laraba. Anti, wallahi sai da na sake karanta shi. Mutumin da ko sunan ƙungiyar ba ya iya furtawa daidai? Wanda ni na nuna masa ƙofar? Da hannuna na rubuta abin da ya burge su, sannan a ce ni ne ban cancanta ba? Ina zaune a bakin shagon caji na danna na goge saƙon, na bi shi har kwandon shara na sake gogewa. Ba kuskure ba ne, ina sane.

Duk Juma'a in ya shigo kasuwa sai ya biyo ta wajena. "Mutumina, har yanzu shiru?" In ce, "Shiru kake ji. Ai ka san mutanen nan, nasu suke ɗauka." Sai ya yi dariya ya ce, "Ni dama rakiya na yi maka. In rabonka ne zai zo." Wannan dariyar tasa ta fi komai ba ni haushi. Me ya sa ba zai yi fushi ba? Me ya sa shi komai ya wuce masa, ni kuma abinci ma ba ya min daɗi?

Ranar Talatar da ta wuce shugabar aikin ta kira lambata, tunda ita ce a fom ɗin Garba. Madam muke ce mata, 'yar kudancin Kaduna ce, mace mai kirki. Ta ce, "Malam, ina abokinka? Mun jira shi, har na roƙa aka ƙara masa kwanaki. Ni na ga yadda ya fito da wata tsohuwa a bayansa, ruwa har ƙirji. Irinsa muke so." Ga dama ta zo in gyara, ko? Sai na ji bakina yana cewa, "Madam, na faɗa masa, ya ce ba ya so, aikin gona ya sha kansa." Ta ce, "Kai, ban zaci haka daga gare shi ba. To kai ne na biyu a jerinmu. Ka zo ranar Litinin da takardunka."

Na biyu! Ashe na biyu ne ni, amma aka turo min saƙon ban haƙuri irin wanda ake tura wa kowa, ko sunana babu a sama. Da sun faɗa min tun farko, da zuciyata ta kai ni inda ta kai ni? Na san wannan ba hujja ba ce. Ina jin haushinsu, ina jin haushin shekaru biyar ɗin nan, amma wanda ya goge saƙo kuma ya shafa wa bawan Allah baƙin fenti ni ne, kuma ina jin kunyar kaina.

Mahaifiyata ta riga ta sanar wa dangi, har an yi sadakar ƙosai. Labari ya kai Kausani. Jiya da hantsi sai ga Garba da ƙullin soyayyen kifi, ya rungume ni a ƙofar gida har da ƙwallarsa. Ya ce, "Ban faɗa maka ba? Ai in ka samu ni na samu." Matarsa na da tsohon ciki, gonarsa ruwa ya cinye rabi, amma ni yake yi wa murna. Na karɓi kifin, har yanzu yana nan ban iya taɓa shi ba.

Da zai tafi ya ce kada in kuskura in hau mota ranar Litinin, shi zai kai ni a babur ɗinsa har ƙofar ofis. Na ce ya bari, kada ya wahala. Ya ce, "Wace wahala? Dama ina so in shiga in gaida Madam, in yi mata godiya da ta ɗauki ɗan'uwana."

In na faɗa masa gaskiya, na rasa aikin, na rasa shi, kuma ban san da wane ido zan kalli mahaifiyata ba. In na yi shiru, Madam za ta tambaye shi a gabana dalilin da ya sa ya ƙi zuwa. In kuma na zame na tafi ni kaɗai, zan zauna a kujerarsa ina ci da sunan taimakon bayin Allah.

Yau Asabar. Jibi da ƙarfe bakwai zai yi min hon a ƙofar gida. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?